Sa'ad da Buri Ya Mutu a Hanya

Karatu: Farawa 37:12-36, 41:46-52, 50:15-21

 Ko ka taɓa sa ranka a kan wani abu shekara da shekaru, ka yi addu'a a kansa, ka yi tanadi, har ka sayar da abin hannunka dominsa, sa'an nan ka wayi gari ka tarar abin ya rushe? In haka ne, darasinmu na yau naka ne. Za mu fara daga wani gari a tsakiyar hamada inda burin 'yan'uwanmu da yawa ya tsaya. Daga nan za mu dubi mutum biyu da aka sayar kamar kaya, ɗaya a cikin Littafi Mai Tsarki, ɗaya kuma Bahaushe ne, mu ga abin da Allah ya yi da sauran kwanakinsu.

1. Garin da buri ke tsayawa

Sabha shi ne babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya. Tsakaninsa da Tarabulus akwai fiye da kilomita 700 ta hanyar mota. Duk wanda ya tashi daga Kano, ko Maraɗi, ko Damagaram zai shiga Libiya ta ƙasa, yawanci sai ya bi ta Agadas, ya hau bayan Hilux a cunkushe, ya riƙe sanda tsakanin ƙafafunsa domin kada ya faɗi, da jarkar ruwa a gefensa. Sukan wuce Dirku, da Madama, su ƙetare iyaka a Tumo, su bi ta Gatrun, sa'an nan bayan kwanaki a cikin rairayi su iso Sabha.

Me yake kai mutum wannan hanya? Buri ne, kuma ba mugun buri ba. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Gaddafi ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, mutanenmu kuwa suka yi ta zuwa cin rani, suna aikin gini da na lambu da kiwo. Wani ya dawo ya yi aure, wani ya rufa ɗakin uwarsa da kwano, wani ya sayi shanun noma. Na baya suka gani, su ma suka ɗaura niyya. Waɗansu kuma ba Libiya ce a ransu ba, Italiya suke hange a ƙetaren Bahar Rum.

Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 doka ta yi rauni a kudancin ƙasar, hanyar kuwa ta faɗa hannun masu bindiga da masu fataucin mutane. A watan Afrilu 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta bayyana shaidar waɗanda suka tsira, cewa a Sabha ana sayar da baƙin haure a fili kamar yadda ake cinikin dabbobi, a kan dala 200 zuwa 500. Wani ɗan Senegal ya ba da labarin yadda aka kulle shi a wani gida tare da mutum fiye da 100, ana dukansu suna kan waya da iyayensu, domin iyayen su ji kukan su aiko da kuɗin fansa. Shi an nemi sefa dubu 300 a wurinsa, da ya kasa biya aka sayar da shi gaba, kuɗin ya koma dubu 600. Irin waɗannan gidaje ne matafiyanmu suke kira gidan bashi. A watan Nuwamba na wannan shekara gidan talabijin na CNN ya nuna hoton gwanjon mutane a kusa da Tarabulus, duniya duka ta girgiza. Waɗanda suka kuɓuta suka kai bakin teku ma ba su gama da haɗari ba, gama a shekarar 2016 kaɗai fiye da mutum 5,000 suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum.

Daga 2017 an yi ta komo da dubban mutane gida ta jirgin sama. Sun dawo da ransu, mun gode wa Allah. Amma da yawa sun sauka da 'yar jaka ɗaya, ga bashin gonar da aka jinginar, ga kunyar haɗa ido da dangi. Mai yiwuwa kai ne wannan. Mai yiwuwa kuma ba ka taɓa ganin hamada ba, amma kana da taka Sabha: karatun da ya tsaya domin rashin kuɗi, auren da ya mutu, shagon da ya ƙone, ciwon da ya raba ka da sana'arka. Tambayar ɗaya ce. In abin da na rayu dominsa ya tafi, me ya rage mini?

2. Yusufu ma ya bi ayari

Littafin Farawa bai ɓoye mana irin wannan azaba ba. Yusufu yana da shekara 17, ɗan lelen ubansa Yakubu, mai riga ta musamman, mai mafarkai. Ya yi mafarki dammunan 'yan'uwansa suna sunkuya wa nasa. Rana ɗaya a Dotan 'yan'uwan nan suka tuɓe masa rigar, suka jefa shi cikin busasshiyar rijiya, suka sayar da shi ga ayarin fatake masu raƙuma a kan azurfa 20. Ka lura, an yi masa kuɗi, kamar yadda aka yi wa samarinmu a Sabha. Ya shiga Masar ba da sonsa ba, bai san harshen ba, ba shi da kowa.

A gidan Fotifa ya fara ɗagowa, sai ƙazafi ya jefa shi kurkuku. A kurkuku ya taimaki mai shayar da Fir'auna, ya roƙe shi ya tuna da shi, mutumin kuwa ya manta da shi har shekara biyu cur. Sai da ya kai shekara 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan na ƙuruciyarsa suka tafi a bauta da ɗauri, ba kuwa wanda ya maido masa da su.

Ga abin da nake so ka riƙe. Mafarkin Yusufu ya cika, gama 'yan'uwansa sun zo sayen hatsi sun rusuna a gabansa, bayan fiye da shekara 20. Amma sa'ad da ranar ta zo, rusunawar ba ta ƙara zama abin da ya dame shi ba. Bai yi dariyar nasara ba, kuka ya yi ta yi. Yaron da ya yi mafarkin a girmama shi ya riga ya zama mutumin da ya gane dalilin zamansa a Masar, wato a ceci rayuka daga yunwa, har da na waɗanda suka sayar da shi. Burinsa a kansa ya tsaya. Nufin Allah kuwa ya game mutane masu yawa.

Ka kuma dubi sunayen da ya raɗa wa 'ya'yansa. Na fari Manassa, sunan da ke nuna Allah ya sa ya manta da wahalarsa. Na biyu Ifraimu, sunan da ke nuna Allah ya sa ya hayayyafa a ƙasar da ya sha wuya. Bai canja wa Masar suna ba, ƙasar wahala ce, haka kuwa ya kira ta. Amma a cikinta ne ya ba da 'ya'ya. Da ya yi magana da 'yan'uwansa a sura 50, bai ce abin da suka yi daidai ne ba. Ya kira muguntarsu mugunta, sa'an nan ya nuna cewa hannun Allah ya fi nasu tsawo.

3. Dorugu, yaron Damagaram

Kada ka ce wannan labarin mutanen dā ne na wata ƙasa mai nisa. Tun kafin a san mota, hanyar Fezzan hanyar bayi ce. Daga Barno ayari yakan bi ta Bilma zuwa Murzuk, garin da ke kudu da Sabha, daga can zuwa Tarabulus. A wannan zamani ne aka haifi wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, a wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wajen shekarar 1840. Yana yaro mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya iske kansa a Kukawa, babban birnin Barno na lokacin. Duk abin da yaron ƙauye yake sa rai a kai, gonar ubansa, da aure cikin danginsa, da tsufa a garinsu, ya tafi.

A Kukawa wani matafiyi Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a 1852, sai yaran suka koma hannun abokin tafiyarsa, Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Suka bi shi har Tambutu, suka komo. A 1855 suka ƙetare hamada ta Bilma da Murzuk, suka ratsa wannan ƙasa ta Fezzan, suka kai Tarabulus, daga nan sai Ingila.

A Ingila kuwa akwai wani mutum wanda shi ma shirinsa ya karye. Rabaran J. F. Schön, mai wa'azi na ƙungiyar CMS, ya shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, tafiyar da zazzaɓi ya watsa bayan ya kashe Turawa da yawa. Daga baya rashin lafiya ya raba shi da Afirka. Yana son harshen Hausa, amma ga shi nesa da masu jin ta. Sai Allah ya haɗa shi da Dorugu. Yaron ya zauna a gidansa shekaru, yana ba shi kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, shi kuwa yana rubutawa. A cikin waɗannan shekaru ne Schön ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, da Littafin Farawa a 1858, da nahawun Hausa a 1862. Labarin Dorugu da bakinsa ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, yana kuwa cikin rubutun Hausar boko mafi daɗewa da muke da su.

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Littafin da ke ɗauke da labarin Yusufu ya fara shiga Hausa ne a lokacin da mai fassarar yake koyon harshen daga bakin yaron da shi ma aka sayar. Dorugu ya komo ƙasarmu a 1864. A tsufansa ya yi aikin koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Bai zama waziri kamar Yusufu ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ma sai a 1932 ya fito, shekara 20 bayan rasuwarsa. Duk da haka, abin nan ɗaya da mahara suka kasa ƙwace masa, wato harshen uwarsa, shi Allah ya mora.

Ba muna cewa bauta alheri ce ba, ko kaɗan. Wanda ya sayar da Dorugu ya yi zunubi, mai gidan bashi a Sabha ma zai tsaya a gaban shari'ar Allah. Abin da muke cewa shi ne, mugu yana iya kashe maka buri, amma ba shi da ikon soke nufin Allah a kanka.

4. To, me za ka yi yanzu?

Na fari, ka faɗi gaskiyar asararka a gaban Allah. Waɗansu suna tsammani bangaskiya ita ce mutum ya haɗiye hawaye ya ce ba komai. Ba haka ba ne. Yusufu ya yi kuka, Dawuda ya yi kuka, Ubangijinmu Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Ka ambaci abin da ka rasa da sunansa: kuɗin, shekarun, abokin da kuka binne a rairayi. Idan abin da ka gani yana hana ka barci, ko kana firgita da dare, ko zuciyarka tana raya maka ka kashe kanka, kada ka ɓoye. Ka gaya wa fastonka ko wani dattijo amintacce, ka kuma je asibiti. Ciwon zuciya ciwo ne, neman magani kuwa ba rashin bangaskiya ba ne.

Na biyu, ka raba buri da nufi. Buri shi ne hanyar da kai ka zaɓa, nufi kuwa shi ne dalilin da Allah ya yi ka. Ka tambayi kanka, me nake nema a Turai ko a Tarabulus tun farko? Watakila amsar ita ce ka riƙe iyayenka, ka ilimantar da ƙannenka, ka zama mutum mai amfani. To, hanyar ce ta toshe, waɗannan abubuwa suna nan. Sarki Dawuda ya yi burin gina wa Ubangiji Haikali, Allah ya ce ba shi zai gina ba. Bai yi fushi ya naɗe hannu ba. A 1 Tarihi sura 22 mun ga ya tara duwatsu da ƙarfe da tagulla da katako, domin ɗansa Sulemanu ya gina. Gininsa bai gani ba, amma nufin ya cika.

Na uku, ka kama aikin da ke gabanka yau. Yusufu bai zauna jiran fada ba. Ya riƙe gidan Fotifa da aminci, ya riƙe kurkuku da aminci, a can kuwa ya koyi lissafi da riƙon mutane da ya yi amfani da su a rumbunan Masar. Me ya rage a hannunka? Wani ya koyo aikin birkila ko walda a Libiya. Wani ya iya Larabci. Wata ta iya kitso ko ɗinki. Wani kuwa ba shi da komai sai labarin abin da ya gani, wannan labari kuwa yana iya tsai da wani saurayi kafin ya hau mota a Agadas. A 2015 ƙasar Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka soke ta a ƙarshen 2023. Doka tana zuwa tana wucewa, amma maganar wanda ya je ya gani tana da nauyin da doka ba ta da shi.

Na huɗu, kada kunya ta hana ka komawa gida. Mutane da yawa sun kuɓuta daga gidan bashi, amma suka sake cin wani bashin domin su gwada teku, saboda ba su iya tunanin shiga garinsu hannu wofi ba. Ɗan'uwa, in kana can kana karanta wannan, ka sani uwarka kai take so ta gani, ba jakarka ba. Ka nemi ofishin jakadancin ƙasarku ko ma'aikatan IOM ka tambayi hanyar komowa. Ka tuna da Na'omi. Yunwa ta kai ta Mowab da miji da 'ya'ya biyu, bayan wajen shekara 10 ta komo Baitalami ba ko ɗayansu, har ta ce a riƙa kiranta Mara saboda ɗacin ranta. Tana ganin ba ta kawo komai ba, alhali Rut tana tsaye a gefenta. Ta wurin Rut aka haifi Obida, kakan Dawuda, daga zuriyar nan kuwa Almasihu ya fito. Hausawa sun ce in da rai da rabo.

5. Magana ga ikilisiya

Ku kuma da kuke gida, wannan darasi ya shafe ku. Sau da yawa mu ne muke tura su. Mukan yi wa wanda ya aiko da kuɗi kirari a gaban jama'a, wanda ya zauna yana noma kuwa mu raina shi. In wani ya dawo ba komai, tambayarmu ta fari ita ce, me ka kawo? Wannan bai dace da jama'ar Almasihu ba. 'Yan mata da aka ci zarafinsu a hanya sun fi kowa shan wannan wulakanci, waɗansu ma sun dawo da goyo, aka rufe musu ƙofa.

Bari zumuntar mata, da ta matasa, da dattawan ikilisiya su tashi. Ku tarye su da abinci da wurin kwana kafin ku yi tambaya. Mai gareji ya ɗauki ɗaya ya koya masa aiki. Mai gona ya ba da aron fili na damina ɗaya. A zauna da masu bin bashi a roƙi sassauci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma riƙa tunawa cikin addu'a da waɗanda har yanzu ba a ji ɗuriyarsu ba, Kirista da Musulmi, gama dukansu 'ya'yan wasu ne.

Abu na ƙarshe. Ubangijinmu Yesu ya san wannan hanya da kansa. Shi ma an yi cinikinsa, a kan azurfa 30. Almajiran nan biyu da suke tafiya Imuwasu bayan gicciye, a Luka sura 24, mutane ne da sa zuciyarsu ta mutu, suna komawa gida da baƙin ciki. Shi wanda suke makoki dominsa yana tafiya tare da su, ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa. A daren nan suka juya zuwa Urushalima da sabon aiki a hannunsu. Idan ba ka taɓa ba shi ranka ba, ka zo wurinsa yau yadda kake, da bashinka da kunyarka. Ba ya tambayar abin da ka kawo.

Tambayoyi domin nazari

1. Wane buri ne ya mutu a rayuwarka, ka kuwa taɓa faɗa wa Allah zafinsa a fili?
2. Mene ne bambanci tsakanin mafarkin Yusufu yana ɗan shekara 17 da abin da ya faɗa a Farawa 50?
3. Dorugu ya rasa komai sai harshensa. Kai me ya rage a hannunka?
4. Wane ne a unguwarku ko ikilisiyarku ya dawo hannu wofi, me za ka yi masa a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka kasance tare da Yusufu a rijiya da kurkuku. Ka dubi dukan waɗanda suke tsare a Sabha da sauran wurare, ka buɗe musu ƙofa, ka juyo da zukatan masu tsare da su. Ka ta'azantar da iyayen da suke jira. Ni ma na kawo maka burina da ya karye. Ka warkar da zuciyata, ka nuna mini aikin da ka ajiye domina, ka ba ni ƙarfin kama shi yau. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.